Yatsu Huɗu Tsakanin Gado da Ƙofa

Ofishin kamfanin yana bakin rukunin gidajen, a hanyar Jaranwala, kuma a lokacin shi kaɗai ne ginin da aka gama a wurin. A ciki akwai sanyin na'ura, da shayi a ƙananan kofuna, da wani matashi mai suna Faraz Gondal, wanda aikinsa shi ne ya zaunar da masu sayen gida ya nuna musu abin da za su iya ƙarawa a kan zanen kamfani. Doka ɗaya yake fara faɗa wa kowa, ita ya faɗa wa Zahoor da matarsa Rukhsana ranar da suka je zaɓe.

"Cikin gida naku ne, fuskar gida ta kamfani ce," in ji shi. "Ko rijiya kuke so a tsakiyar falo za mu haƙa muku, in dai za ku biya. Amma waje, Zahoor sahib, ko ƙusa ba a bugawa. Duk gidajen layin fuska ɗaya gare su, kamar yadda kuka gani a allon talla."

Zahoor akawu ne a wata masaƙar tawul a Faisalabad. Albashinsa ba zai sayi ko matakalar gidan ba. Kuɗin kafin alƙalami daga ƙauye suka fito: mahaifinsa, tsoho Nawab Din, ya sayar da gonar alkamarsa da gidan ƙasar da ke gefenta, can kusa da Samundri, bisa sharaɗin mai saye zai bar shi a gidan har a yanke alkama. Daga nan sai ya dawo birni wurin ɗansa, ɗakin ƙasa na sabon gida nasa ne. Bayan an biya kamfani, ɗan abin da ya rage shi suka riƙo don ƙare-ƙare. Ba mai yawa ba ne, kuma babu wani a bayansa.

Rukhsana ta san abin da take so tun kafin ta zauna. Tun aurensu take girki a ƙarƙashin matakalar gidan haya, inda hayaƙin mai yake dukan rufi ya dawo mata ido. A zanen kamfani ma kicin ba shi da taga. Ta zaɓi a fasa mata taga ta baya, a sa fankar zuƙe hayaƙi, a yi mata kanta ta mabul da kabad. Zahoor ya ƙara tankin ruwa na biyu da wayar sola. Ya zo da tef ɗin awo a aljihu, kuma ya riga ya auna firji, da babbar durowar kayan auren Rukhsana, da babur ɗinsa. Duk za su wuce ta ƙofa. Kuɗin suka ƙare daidai a kan wayar sola, ya sa hannu.

Faraz ya tuna musu, cikin fara'a, cewa wanda ya fasa saye kamfani zai riƙe rubu'in abin da ya biya. Babu wanda ya kula. Mai gidan hayarsu ya riga ya ce su tashi bayan girbi, zai aurar da ɗansa a sashen, don haka fasawa ba ta cikin lissafin kowa.

Nawab Din bai zo ganin gidan ba sai da bango ya kai linta. Wata Lahadi Zahoor ya ɗauko shi daga tasha a bayan babur, suka shiga layin da gidaje suka jeru, jan bulo tsirara, kowanne kamar ɗan'uwansa. Rukhsana tana can tana jiransu da 'yarsu Mahnoor. Ta kama hannun tsohon ta kai shi gaban ramin da aka bari a bangon kicin.

"Abba ji, ga tagata."

"Allah ya sa albarka, 'yata. Yanzu in kin ƙona wake har maƙwabta za su shaida."

"Ai ku ne kuke cewa ƙonanne ya fi daɗi."

"Na faɗa ne don kada ki yi kuka."

Ya leƙa ɗakinsa, wanda yake kallon ƙofar shigowa kai tsaye, ya buga bango da sanda, ya ce bulon ya gasu. Bai tambayi tanki ba, bai tambayi sola ba. Da suka zo fita ya tsaya a ƙofar gida, inda magina suka riga suka kafa firam na ƙarfe. Ya sauke ƙyallen da ke kafaɗarsa. Sai a lokacin Zahoor ya lura akwai ƙulli a jikin ƙyallen, ba a baki ba, can wajen tsakiya. Tsohon ya ɗora bakin ƙyallen a gefe ɗaya na firam, ya ja shi zuwa ɗaya gefen. Ƙullin ya wuce ƙarfen ya sauka a kan bulo. Ya ɗora hannu a kan abin da ya wuce. Yatsu huɗu.

"Wannan faɗin gadona ne," in ji shi. "Puttar, ɗana, ta ina za ku fitar da ni?"

Zahoor ya san gadon. Gadon igiya ne na katakon bishiyar tali, mai ƙafafu jajaye, mahaifiyar Zahoor ce ta saƙa igiyarsa da hannunta, fari da shuɗi. A kansa aka kwantar da ita bayan an yi mata wanka, mata suka ga fuskarta a tsakar gida, maza suka ɗaga shi a kafaɗa suka fita ta babbar ƙofa zuwa filin salla. A ƙauyensu haka kowa yake barin gidansa.

"Abba ji, wace irin magana ce wannan, a gidan da ko rufi ba a yi ba?"

"Ita ce maganar da ake yi kafin a yi rufi."

"Gadon zai shiga. Sai a karkata shi."

"Zai shiga a karkace, ai babu kowa a kai. Fita fa? Za ku karkata ni in zube a dokin ƙofa?" Ya mayar da ƙyallen kafaɗa. "Ka tuna Ghulam Qadir, ɗan baffana, da 'ya'yansa suka kai shi bene a Lahore? A zanin gado suka sauko da shi, kamar buhun taki, kansa yana gaisawa da kowace kwana. Har yau in an gan su a biki ana cewa ga 'ya'yan mai zanin gado. Ba na so a sa maka suna."

Rukhsana ta ja Mahnoor gefe. Magina biyu da ke kwaɓa siminti sun daina kwaɓawa.

"Gidan da ba zan fita daga cikinsa a miƙe ba," in ji Nawab Din, ba tare da ya ɗaga murya ba, "ba zan shiga shi da ƙafata ba. Kai ni tasha, kada motar yamma ta wuce."

Washegari Zahoor ya nemi izini a wurin aiki ya tafi ofis. Faraz ya saurare shi har ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar likita.

"Allah ya ja kwanan Baba ji," in ji shi. "Amma ƙofa fuskar gida ce."

"Yatsu huɗu kawai. Babu wanda zai gane daga titi."

"Mai duba gini zai gane. Kuma gefen hagu ginshiƙi ne, shi ke ɗauke da bene. Gefen dama ne ake iya ci." Ya ɗan matso. "Zahoor sahib, ku kwantar da hankalin Baba ji. Mun yi tanadin komai. Masallacin rukunin nan zai kasance da ɗakin wankan gawa da na'urar sanyi, ga motar ɗaukar gawa tamu ta kanmu, da gadon ƙarfe mai naɗewa, siriri, ko ta ƙofar banɗaki zai wuce. A nan mutuwa ma cikin tsari ake yin ta."

"Ba ka san mahaifina ba."

"Na san irinsa, nawa ma yana nan. Da ƙyar muka raba shi da baunar da yake tatsa a ƙauye."

"To in an ba ni mabuɗi na kira birkila da kaina fa?"

"Akwai wanda ya shafa wa get ɗinsa koren fenti a rukunin farko. An yanke masa ruwa har ya mayar da shi baƙi. Kuma takardar gida tana hannun kamfani sai ranar da ka gama biyan wata-wata." Faraz ya jawo wani littafin hotuna mai sheƙi ya buɗe. "Hanya ɗaya ce. Kamfani ya yarda da fuska ta biyu, mai ƙofa biyu a haɗe. Ta nan ko amarya da raƙuminta za su wuce. Sai dai ba a sayar da ita ita kaɗai, tana cikin Ƙunshin Sarauta."

Ƙunshin Sarauta ya haɗa da ƙofar, da fitilar ƙarau a falo, da silin mai zane, da tayil na ƙasar waje, da famfunan banɗaki masu ruwan zinari. Zahoor ya ce ƙofar kawai yake so. Faraz ya ce ya fahimta, amma ƙunshi ƙunshi ne. Ya rubuta farashin a bayan katinsa ya turo. Ko an soke taga da kanta da kabad da tanki da sola, aka mayar da kuɗinsu kan ƙofar, da sauran tafiya mai nisa.

"Ranar Asabar za a zuba dakin, rufin kankare, a layinku," in ji Faraz. "In aka zuba, magana ta ƙare. Ƙarin shayi?"

Da yamma Rukhsana tana murza gurasar roti a ƙarƙashin matakala, Zahoor ya tsaya a bayanta ya faɗa mata yadda aka yi. Wurin ba ya ɗaukar mutum biyu, don haka rabin jikinsa yana waje.

"Wato tagata ce za ta koma ƙofa," in ji ta.

"Ban ce haka ba."

"Ba ka ce ba, ka dai zo ka tsaya mini a ka kamar mai karɓar kuɗin wuta." Ta jefa roti a kan kasko. "Abban Mahnoor, firji ka auna. Babur ka auna. Har durowata ka auna, ka ce in ba ta shiga ba a sayar. Mahaifinka kaɗai ka manta."

"Wa yake auna gawa in zai sayi gida?"

"Wanda ya sayi gida da gonar mai gawar."

Hayaƙi ya taso, ta kawar da fuska, ta share ido da bakin mayafi kamar yadda take yi kullum, ba kuka ba ne.

"Kullum sau uku zan shiga kicin ɗin nan har in mutu," in ji ta. "Shi sau ɗaya zai fita ta ƙofar. Na san ba a faɗin haka. Na faɗa, Allah ya yafe mini."

Da safe, yana ɗaure takalmi, ta ajiye wani abu a naɗe cikin hankici kusa da mabuɗin babur. Awarwaronta ne na zinari, guda huɗu, waɗanda mahaifiyar Zahoor ta cire daga hannunta ta sa mata ranar da aka kawo ta.

"Da waɗannan da kuɗin kicin zai kai," in ji ta. "Ka tafi kafin in canja ra'ayi. Ni dai kada in ji wani ya ce surukar Nawab Din ce ta hana shi shiga gidansa saboda taga."

Ya je kasuwar maƙeran zinari a lokacin hutun rana. Maƙerin ya goga awarwaron a dutse, ya ɗora a sikeli, ya yaba tsohon aiki, ya faɗi kuɗi. Rukhsana ta yi daidai, zai kai. Zahoor ya tsaya yana kallon sikelin. Ya hango gidan kamar an riga an gama shi: ƙofa mai faɗi, fitilar ƙarau tana lilo a falo, famfo yana ƙyalli babu ruwa a tanki, Rukhsana a cikin duhun kicin da hannu babu komai, tana share ido. Ya kuma hango ɗaya gidan, mai taga, da ɗakin ƙasa a rufe babu kowa a ciki. Ko wanne ya ɗauka, akwai wanda zai kasa kallo a ido.

"Sahib, in naɗe kuɗin ne?" in ji maƙerin.

"Naɗe mini awarwaron."

Bai koma ofishin kamfani ba. Ranar Asabar aka zuba dakin. Ranar Lahadi ya hau mota zuwa ƙauye.

Alkama ta fara ja. Ya tarar da mahaifinsa a tsakar gida a ƙarƙashin bishiya, zaune a kan gadon, yana jan tabar tukunya. Mai sayen gidan ya riga ya jibge bulo a bakin katanga, yana jiran ranarsa. Zahoor ya gaishe shi, ya zauna a ƙasan gadon, wajen ƙafa, ya yi bayanin fuskar gida da ginshiƙi da mai duba gini. Tsohon ya bar shi ya gama.

"Sun hana ne, ko ka hana?"

"Da kuɗi suna yarda, Abba ji."

"Kuɗin babu?"

"An samu. Rukhsana ta ba da kicin ɗinta, ta ba da awarwaron Ammi. Na kai har sikeli. Ni ne na dawo da su."

Tukunyar tabar ta yi gurguri. Nawab Din ya daɗe yana kallon igiyar gadon a tsakanin gwiwoyinsa.

"Ita ta ce ka sayar?"

"Ita ta ce."

"Kai ka ƙi."

"Na ƙi."

"To," in ji tsohon. Ya miƙa masa mazarƙwaila a faranti. "Ci. Ta bana ce, ba za a sake yin wata a gidan nan ba."

"Abba ji, in an yanke alkama ina za ku?"

"Masallaci yana da baranda. Limamin yana neman mai share masa tabarmi."

"Mutane za su ce me?"

"Za su ce Nawab Din ya sayar da gona ya saya wa ɗansa taga." Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "Tashi, motar yamma ba ta jira."

Makonnin da suka biyo baya gini ya yi sauri, kamar yadda gini yake yi in ba a so. Aka yi filasta, aka shafa wa duk layin fenti ɗaya, aka rataya ƙofar katako mai kyau a firam ɗinta. Aka sa gilashin tagar kicin. Rukhsana ta je ta gani, ta buɗe ta rufe. Awarwaron suna cikin durowa, ta ƙi mayar da su hannu. Zahoor yana kiran ƙauye, tsohon yana ɗauka, su yi maganar zafi da farashin alkama da ciwon gwiwa. In ya kawo maganar tashi sai ya ji an ce layin ba kyau. Mai gidan haya ya fara kawo masu fenti su auna bango alhali suna ciki. Wani ɗan ƙauyensu da ke aiki a masaƙa ya tare Zahoor a bakin get ya tambaye shi, da murmushi, ko gaskiya ne Chacha Nawab, wato Baffa Nawab, zai koma barandar masallaci.

Sun tare ranar wata Juma'a, cikin zafin da ke narka kwalta. Firji ya shiga, durowa ta shiga, babur ya shiga. Aka share ɗakin ƙasa aka bar shi babu komai. Mahnoor ta tambaya ko za ta iya ajiye kekenta a ciki, uwarta ta daka mata tsawa.

Bayan la'asar wata tarakta ta shigo layin tana jan tirela, mai gadi yana bin ta a guje yana cewa ba a shigo da irin wannan nan. A kan tirelar akwai akwatin ƙarfe, da tukunyar taba, da buhun alkama biyu, da Nawab Din zaune a kan gado. Direban taraktar da wani maƙwabcinsu na ƙauye suka taimaka masa ya sauko.

Zahoor ya kai hannu zai sauke gadon, sai ya tsaya. Ƙafafun jajayen ne, katakon ne, amma igiyar sabuwa ce, ta leda, ruwan ɗorawa, irin ta kasuwa. A kan sandunan kai da na ƙafa akwai sabon yanka, fari, inda kafinta ya rage su ya sake fafe gurbi.

"Abba ji, saƙar Ammi fa?"

"Ba a rage gado da igiya a jikinsa. Da aka kwance ta, ta ƙi komawa, ta tsufa." Ya nuna akwatin da sanda. "Tana ciki. Sauke mana, kana tsaye kamar an dasa ka."

Suka ajiye gadon a gaban ƙofa. Rukhsana ta fito da kofin ruwa, ta gaishe shi, ya dafa kanta. Idonsa ya sauka a hannunta.

"Ina awarwaron surukarki?"

"Suna ciki, Abba ji."

"A durowa aka ce miki ana sa su? Je ki sa. Ban yanka gadona don durowa ta yi ado ba."

Ta koma ciki da sauri. Zahoor ya kama gefen gadon zai karkata shi, tsohon ya buga masa sanda a hannu.

"A miƙe. Kuma ba haka nan ba." Ya cire takalmi, ya hau gadon, ya kwanta rigingine, ya jera ƙafafu, ya ɗora hannuwa a gefe. "Ku ɗauka."

"Abba ji, don Allah. Mutane suna kallo."

"Ranar ma za su kalla. Gara ku koya ina da bakin gyara muku."

Maƙwabta sun fito ƙofofinsu, ƙofofi iri ɗaya har ƙarshen layi. Faraz Gondal, wanda ya zo da kwalin alewa na taya murna daga kamfani, ya tsaya a bakin get da kwalin a hannu. Direban tarakta da maƙwabcin suka kama wajen ƙafa. Ana neman na huɗu, tsohon ya ɗago kai.

"Kai mai ƙunshi, ajiye alewar nan ka kama. Ai gidanku ne."

Faraz ya ajiye, ya kama kusurwa ɗaya ta wajen kai, Zahoor ya kama ɗayar. Suka ɗaga. Tsohon ba shi da nauyi, abin da Zahoor bai zata ba ke nan. A bakin ƙofa dole mutum biyu na gaba su bi juna, babu wurin tafiya kafaɗa da kafaɗa, don haka Faraz ya saki, Zahoor ya riƙe kan gadon shi kaɗai yana ja da baya. Katako ya shige tsakanin ƙarfe da ƙarfe, babu abin da ya rage sai kaurin takarda. Bayan yatsun Zahoor ya gogi firam, fata ta saluɓe. Bai saki ba.

"An shiga," in ji direban.

"Shiga ba ita ce magana ba," in ji Nawab Din daga kwance. "Ku fita."

Suka fita. Gadon bai karkata ba. Tsohon ya sa aka sake shiga, sannan ya ce a kai shi ɗaki. Ya tashi zaune, ya dubi hannun ɗansa da ke ɗigar jini a kan sabon tayil.

"Ranar ka riƙe ta ƙasa, ba ta gefe ba," in ji shi. "'Yata! A ɗora shayi, baƙi sun yi aiki."

Rukhsana ta amsa daga kicin. Ana jin ƙarar fanka, da ƙarar awarwaro a jikin tukunya. Faraz ya sha shayinsa a tsaye, ya ce a duk gidajen da ya miƙa bai taɓa ganin an gwada wannan ba, ya tafi yana goge tafin hannu a wando. Tarakta ta juya ƙauye kafin magariba.

Washegari da rana, bayan an ci abinci, Zahoor ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin ƙasa. Nawab Din mutum ne mai faɗin kafaɗa, kuma duk rayuwarsa a gefe yake barci, gwiwa a naɗe, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai. Yanzu gadon ba ya ba da wannan. Yana kwance rigingine, ƙafafu a jere, hannuwa a manne da jiki, kafaɗunsa sun cika katako zuwa katako. Daga inda yake, ƙofar gida tana kallonsa kai tsaye.

Zahoor ya tsaya a bakin ɗakin har sai da ya ga ƙirjin ya ɗaga ya sauka. Sannan ya wuce.